Fom Ɗin da Bai San Alkunya Ba

Laraba da dare, Ikara.

Rahoton Hadiza ya isa ofishin jin daɗin jama'a tun jiya. Ni nake duba aikin ɗalibanmu na jami'a a nan, kuma na sa masa hannu ban karanta shafi na uku ba. Sai yau na karanta shi a kwafin da ke hannuna.

Maganar riƙon wata yarinya ce a Janfalan. Uban ya rasu, danginsa suna son karɓe ta daga hannun uwar. Fom ɗin da muke koyarwa da shi, wanda aka kwafo daga littattafan Turawa, yana tambaya ko uwa tana kiran sunan 'yarta, tana kallonta, tana yabonta. Hadiza ta rubuta "a'a" sau uku. Yarinyar kuwa 'yar fari ce.

Na kira Hadiza ɗazu. Na ce, "Ke ba Bahaushiya ba ce?"

Ta ce, "Malam, ko Innarmu ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. Na san alkunya ce. To a ina zan rubuta? Bara da na kawo irin wannan a jarrabawa, kai ka soke da jan biro, ka ce in tsaya kan littafi."

Ban tuna ba, amma ya yi kama da ni.

Yadda rahoton yake yanzu, cewa yake matar ba ta damu da 'yarta ba. Gobe da sassafe zan je in karɓo shi. Wani ma'aikacin ofishin ya ce mini a waya ba a buɗe fayil ɗin ba tukuna. Bai ce ya gani da idonsa ba.