Man Fuskar Naila

Samaru, Zariya
Litinin, 5 ga Mayu

Zuwa ga matata Naila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baba da Umma da duk mutanen gidan Jushi. Yaya fuskar? Ƙaiƙayin ya lafa, ko har yanzu yana hana ki sakat? Allah ya sawwaƙe.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. To, ya zan yi? Kin toshe lambata, ni kuma kunya ba za ta bar ni in tsaya a zauren Baba ina sallama ba. Maƙwabciyarmu Madam Bibiana ce ta tausaya mini. Ta ce tunda ta Jushi take bi kullum in za ta shagonta na kasuwar Sabon Gari, za ta riƙa miƙa miki. Ta dai gargaɗe ni cewa ita 'yar aike ce, ba alƙali ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarki. Tsakanina da ke bai kai tafiyar rabin awa a bas ba, amma ji nake kamar bangon duniya kika tafi. Baba ya aiko mini cewa ba zai tilasta miki ba. Ya ba mu zuwa Babbar Sallah. In har lokacin zuciyarki ba ta sauko ba, zai kira ni da kawuna a zauna a rabu cikin mutunci. Tun da na ji wannan saƙon abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

Laifina ne, ba na musu. Kin daɗe kina kukan fuskarki tana bushewa, gefen hanci yana saɓa, kumatu suna ƙaiƙayi. Na gan ki kina lakato man kaɗe daga tsohon gwangwanin da Umma ta ba ki, sai girman kai ya taso mini. Na ce a raina, matar ma'aikaci guda da man kaɗe? Na shiga kasuwa na ce a ba ni mafi tsada. Aka ɗauko mini wata kwalba mai murfin zinariya, ƙamshinta har bakin titi. Ni da ba na zuba wa masara taki sai na karanta buhun sau biyu, ko juya kwalbar ban yi ba. Ke kuma kika shafa saboda ni na sayo. Garin neman gira muka rasa ido.

Na yi niyya, Naila. Sai na nemo man da fuskarki za ta karɓa, ko da zan zagaye Zariya shago-shago. Ki gaida Umma, in za ta amsa gaisuwata.

Mijinki,
Usaid

Samaru
Laraba, 14 ga Mayu

Naila,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kin tashi lafiya, kuma zafin nan na gabanin damina bai tayar miki da ƙaiƙayin ba. Yaya ƙafar Baba?

Ƙunshin da na aiko ya dawo yadda na ɗaure shi, ko ƙullin ba a taɓa ba. Ban ji haushi ba. Wanda ya ƙona ki sau ɗaya, ai ba ki miƙa masa fuska karo na biyu.

Bari in ba ki labarin abin da zai sa ki dariya, ko ba ki so. Da na faɗa a ofis cewa ina neman man fuska, kowa ya zama likita. Wani ya ce lemun tsami da zuma. Wani ya ce sabulun salo da soso, a dirje sosai. Direbanmu ya rantse da man shanu. Sai na ce bari in yi abin da na iya. Kin san aikinmu a gonar gwaji: mukan yanka fili gida-gida, a sa wa kowane gida takinsa, a kafa masa lamba, a bar gida ɗaya ba a sa masa komai don ya zama ma'auni. To, haka na yi wa hannuna na hagu. Na zana gida shida da biro daga wuyan hannu zuwa gwiwa, na sayo mai kala biyar, ina shafawa safe da yamma ina rubuta abin da na gani. A masallaci in na naɗe hannun riga zan yi alwala, sai in ga ana satar kallona.

Kwana bakwai, ko gezau. Fatar da ta sha ranar gona shekara tara ta zama ƙirgi, ko barkono aka shafa mata ba za ta ce uffan ba. Duk da haka na zaɓi wanda ya fi laushi na aiko miki, shi ne kika mayar. Kin fi ni gaskiya.

Madam Bibiana ta faɗa mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce ba ƙunar ce ta kore ki ba. Na sani, na dai yi ta kewaye-kewaye ne. Sati biyu da fara shafa man kwalbar nan mai murfin zinariya, da fuskarki ta soma yin fari, na dube ki na ce kin ƙara kyau. Na ga yadda kika ajiye cokali kika tashi, amma na yi kamar ban gani ba. Daga baya fuskar ta yi ja ta feso da ƙuraje, kika je bikin ƙanwarki Nana a haka, mata suna raɗa wai kin shiga shafe-shafen bilicin don miji ya gaji da baƙa. Kin sha wannan kunyar ke kaɗai, ni ina waje ina cin shinkafa.

Wallahi baƙin nan naki na gani na bi ki har gida. Shi nake kewa. Maganar banza ce ta kuɓuce mini, kuma na san magana zarar bunu ce. Ki yafe mini.

Naki,
Usaid

Samaru
Juma'a, 23 ga Mayu

Naila tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida su Baba. An yi ruwa mai kyau a nan shekaranjiya, ina fata ya iso Jushi. Madam Bibiana ta ce ta gan ki a tsakar gida kina tsince shinkafa, fuskar ta kwanta, launinki yana dawowa. Na yi hamdala. Sai dai labarin ya zo mini da wani abu mai ɗaci, za ki ji.

Ranar Talata na je wani kemis a Sabon Gari, wajen wata mai ilimin magunguna, Madam Funmilayo. Na naɗe hannun riga na nuna mata gonata. Ta yi dariya har da riƙe kanta. Ta ce gwajin daidai ne, mai fatar ne ba daidai ba, don a jikin mai matsalar ake ɗiga mai kaɗan, a bayan kunne, a jira kwana biyu a gani. Sannan ta jero mini tambayoyi. Da wane sabulu kike wanke fuska? Da ruwan zafi ko mai ɗumi? Yaushe ƙaiƙayin ya fi tsanani? Shekara biyu muna ɗaki ɗaya, Naila, ko ɗaya ban iya amsawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ban taɓa tambayar mai ɗakin ba.

Ta ce irin fatarki ba ta son hayaniya. Ban da soso, ban da lemun tsami, ban da ruwa mai zafi. A wanke a hankali, a shafa mai tun fuskar tana da danshi, kuma man ya zama marar ƙamshi. Ta ce man kaɗen Umma, in mai kyau ne kuma yana karɓar ki, ya fi kwalbata sau goma. Ta ba ni wani farin mai a roba, ba ado ba ƙamshi, ta ce duk da haka ki ga likitan fata saboda ɓarnar da wancan ya yi.

Ina shirin fita sai ta yi atishawa sau uku, ta tambaye ni ko kullum haka nake zuba turare. Na ce ƙwarai, a gemu, a tafin hannu, a hula, har filo nakan ɗiga wa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ƙamshi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa irin wannan fata hankali, kuma ba sai ita ta shafa ba, ya isa a ce yana jikin abin da fuskarta ke taɓawa.

Na dawo gida na buɗe hotunanki a waya. Na bara, lokacin da aka tura ni aiki Kano sati uku, fuskarki sumul. Na bayan dawowata, ga saɓa a gefen hanci. Na yanzu ban da shi, amma Madam Bibiana ta ba ni labari. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ni mai gwaji, ma'aunin yana gabana ban gan shi ba: fuskarki ta fi samun lafiya duk lokacin da ba na nan.

Kuma kin sani, ko ba haka ba? Na tuna ɗankwalin da kike shimfiɗawa a kan filo kina cewa don kitso ne. Na tuna yadda kike kama hannuna ki riƙe in na kai shi kumatunki, ni ina ɗauka soyayya ce kawai. Kin yi shiru ne saboda na taɓa gaya miki irin turaren marigayi mahaifina ne, in na shafa sai in ji kamar yana kusa. Kika zaɓi ki yi ta susa da ki raba ni da shi.

Jiya na kai wa ladan kwalaben duka. Ta marigayi mahaifina kaɗai na bari, na naɗe ta a leda na sa a ƙasan akwati. Na wanke huluna, na sayi sabon filo, labule da zannuwan gado suna kan igiya. Ɗakin yanzu ba ya ƙamshin kowa, kuma ban taɓa jin kewarki kamar yau ba.

Ga robar nan na aiko. In kin ga dama ki gwada a bayan kunne. In kuma kin ga zamanki lafiya ya fi a inda kike, ba ni da bakin cewa ƙarya ne. Saura sati biyu Sallah.

Mai kewarki,
Usaid

Samaru
Laraba, 28 ga Mayu

Naila,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina fata kowa lafiya. Wannan gajeriya ce.

Madam Bibiana ta shigo ɗazu ba ƙunshi a hannunta. Ta ce robar ta zauna, kin gwada, bayan kunnen bai ce komai ba, kuma Umma ta raka ki wajen likita. Ta ce wannan ce takarda ta ƙarshe da za ta ɗauka, ƙafafunta sun gaji da zaryar mutanen da bas ɗaya ke raba su.

Sannan ta isar da saƙonki. Wai kin ce in ji wani ma'aikacin gona da kika sani, gwaji ɗaya ba ya zama hujja, sai an maimaita. Wai an ga yadda fuskar take in ba na nan, saura a ga yadda za ta yi in ina nan ba turare. Na sa ta maimaita mini sau uku, har ta ce ko kunnena ma yana bukatar mai.

Ta ce Baba ya yarda in zo jibi Juma'a bayan la'asar. Zan zo da kawu, zan durƙusa in ba Umma haƙuri, sannan in zauna inda kika ce in zauna. Ban ce ki haɗa kaya ba. In fuskar ta yi ƙaiƙayi, ki faɗa mini a take, kada ki sake rufa mini asiri da fatarki.

Kin sha cewa tun daga bakin ƙofa kike sanin na dawo, kafin ma in buɗe baki. Jibi ba za ki sami wannan alamar ba. In kin ji sallama a zaure ba ki ji ƙamshi ba, kada ki aiko a ce wa baƙo Baba ya fita. Ni ne.

Mijinki,
Usaid