Faifai Uku da Tukunyar Shinkafa

Maigida Noboru,

Ban tashe ka ba, don labarin bai kai a katse wa mutum barci ba. Masu shago sun bugo da safe. Faya-fayan anime guda uku, na fim ɗin zanen nan da ka biya tun bara, an sake ɗaga fitowarsu sai furen ceri ya buɗe a bazara. Wai yatsun jarumar ne ba su zanu da kyau ba, ana gyarawa. Yarinyar shagon ta yi ta ba ni haƙuri har na fara jin ni ce mai laifin.

Ina taya ka murna har sau uku: na kallo, na ajiya cikin leda, da na ba abokai aro, duk ukun babu wanda ya iso.

Ka ce ba za ka je Sendai duba Mama a asibiti ba, kada mai kawo kaya ya zo babu kowa. To, ba mai zuwa. Na yi gaba, ka biyo jirgin ƙasa na rana, ka riƙo mata lemo.

Kantar kicin da ka share wa faya-fayan kuwa, na mayar da tukunyar shinkafa wurinta. Ita dai ba ta taɓa ɗaga mana rana ba.

Chizuru