Duwatsun da Ke Bayan Tashar Sanyi

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, Shugaban Kwamitin Gyaran Tashar Sanyi, a ofishinsa da ke Marylebone, Landan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, sunana Garba, mutumin Gumel ne ni, ma'aikacin safiyo. Gwamnatin jiharmu ce ta turo ni kwas na shekara biyu a kan zanen taswira, ina zaune a wani ɗaki a Whitechapel. Ba ka san ni ba, kuma ba don a san ni na kai wannan takarda jarida ba. Na rubuta maka wasiƙa biyu a rufe, na je ofishinka sau uku, shiru. Ga shi saura mako uku Babbar Sallah, wadda aka ce da ta wuce za a fara aiki. Maganar a taƙaice ita ce, duwatsun da kwamitinka zai kwashe daga bayan tashar don ya gyara bango da su, duwatsun kaburbura ne. Ɗaya daga cikin kaburburan na mahaifiyata ne.

Saboda masu karatu waɗanda ba su bi hanyar ƙasa ba, Tashar Sanyi ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a kan tsaunukan gabashin Sudan, kafin layin dogo ya gangara bakin teku inda alhazai ke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tana da sunanta na mutanen wurin, mu ne muka sa mata Sanyi, don bayan kwana da kwanaki a cikin zafin tarago, nan ne iska take fara taɓa jikin mutum. A da kowane jirgi sai ya tsaya nan ya sha ruwa. Da aka kawo injuna masu aiki da dizal, alhazai kuma suka koma jirgin sama, aka daina tsayawa, rufi ya zube, awaki suka gaje ofishin. Kai da abokanka da Allah ya buɗa wa a wannan zamani na arzikin mai kuka ce za ku gyara ta sadaka, don tunawa da iyayenmu da suka bi ta nan. Niyya ce mai kyau, ba ni da ja a kanta.

Na farko, yadda duwatsun suka je wurin da suke.

Ina ɗan shekara goma sha tara muka bar Gumel, ni da mahaifina da mahaifiyata. Shekara biyu muka yi a hanya, mu yi tafiya, mu tsaya cirar auduga mu haɗa guzuri, mu ƙara gaba. Zazzaɓi ya kama mahaifiyata tun kafin mu shiga jirgi, ta ɓoye mana don kada ta ja mu rasa hajjin shekarar. Da jirgi ya fara hawan tsauni ta kasa ko zama. A Tashar Sanyi mahaifina ya ce mu sauka da ita. Shugaban tashar, wani dattijo mutumin ƙasar, ya ba mu ɗakin da ake ajiye fitilu. Kwana huɗu ta yi, ta cika ranar Laraba da safe. Matan wasu mutanenmu da suka yada zango a wurin su suka yi mata wanka.

A gida, ka sani, idan an sa mamaci a kabari, da itace ko fasassun tukwane ake rufe shi kafin a tura ƙasa. A kan tsaunin nan babu tukunya, itacen kuwa ƙaya ce da ba ta kai kaurin hannu ba. Ƙasar tsakuwa ce zalla, mun yi haƙa tun hantsi har azahar ba mu wuce ƙugu ba, ga kuma kuraye. Sai muka yi abin da waɗanda suka riga mu suke yi. A gefen tankin ruwa akwai tulin sassaƙaƙƙun duwatsu, ragowar da magina suka bari tun lokacin da aka gina tashar, kuma shugaban tashar ya yarje wa alhazai su ɗiba. Masu faɗin muka jera a bakin ramin a madadin itace, sauran muka tula a sama. Ni na riƙa ɗauko su a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, mahaifina yana jerawa. Idan ɗaukar dutsen tasha laifi ne, to ga mai laifin nan a Whitechapel, ba sai an wahala neman sa ba.

Ba mu rubuta suna ba, don mu ba ma rubutawa. Mahaifina ya ce in riƙe a ka, na uku a sahu na biyu idan ka faro daga tanki. Muka hau jirgi na gaba, muka sami hajji. A dawowa, jirgi na shan ruwa, muka ruga muka yi mata addu'a muka dawo. Mahaifina ya rasu a Gumel shekara huɗu ke nan. Yanzu ni kaɗai na san wurin.

Na biyu, abin da na gani da idona.

Mako guda bayan Sallar azumi kwamitinka ya gayyaci 'yan Nijeriya mazauna Landan su zo su ga zanen aikin. Na je da murna, har babbar riga na sa duk da ruwan da ake zubawa. Zane ya yi kyau, dole a faɗa. An dawo da barandar da muka kwantar da mahaifiyata a kai kafin a buɗe mana ɗaki, an dawo da ƙararrawa da tanki, ga sabon masallaci, ga allon farin dutse da za a rubuta sunayen masu taimako a kai. A na uku cikin allunan da aka baje zanen a kai aka manna hoton da aka ɗauka daga jirgin sama. A bayan tashar an zagaye wani fili da jan alƙalami, an yi bayani da Turanci a gefe cewa duwatsun ainihin ginin ne da suka warwatse, za a tattara su a mai da su bangon yamma, a baje filin ya zama wurin ajiye motoci.

Ranka ya daɗe, karanta irin wannan hoto shi ne abincina. Bangon da ya faɗi a gindinsa yake zuba, duwatsunsa ba sa tafiya taku ɗari su kwanta sahu-sahu. Tulin nan duk tsawon mutum ne, sai 'yan gajeru a tsakani, na yara. Duk fuska ɗaya suka kwanta, yadda wanda aka kwantar a kan damansa zai kalli alƙibla, wadda a can take karkata arewa maso gabas. Na ƙirga har na wuce arba'in, na bari. Na sami sahu na biyu, na sa yatsa a kan na uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ban yi irinsa ba tun ranar da muka rufe ta. Na ajiye kofin shayin da aka ba ni na nemi mai zanen.

Na uku, amsoshin da na samu.

Mai zanen Bature ne, matashi, mai ladabi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi da kansa ya je wurin, ya yi kwana biyu, bai ga dutse ko ɗaya mai rubutu ba, bai ga shinge ba, kuma a tsohuwar taswirar tashar ba a nuna maƙabarta ba. Ya ce ya tambayi mai gadi, mai gadi ya ce bai sani ba. Na tambaye shi yaushe aka kawo mai gadin, ya ce bara. A ƙarshe ya nemi in kawo takardar shaidar rasuwa ko ta binnewa, wai da ita zai iya tsayar da aiki. Ban yi masa dariya ba, don ba shi da laifi. A ƙasarsu kabari da suna yake, da ranar haihuwa, har da fure. Ya je neman abin da ya sani, bai gan shi ba. Abin da ya gani shi ne jajayen duwatsu irin na bangon sak, sassaƙar hannu ɗaya, kuma ya gaya mini da farin ciki cewa samun irin wannan sa'a ce babba ga mai gyaran tsohon gini.

A ofishinka sakatarenka ne yake karɓata, ɗan Zariya, shi ma ba shi da rowar shayi. Zuwa na farko ya ce kana Legas. Na biyu ya ce kana Jidda. Na uku ko zama ban yi ba ya tare ni da cewa, “Malam Garba, wallahi an yi filing ɗin takardarka, Alhaji na dawowa zai gani.” Na yi masa godiya. Kowane zuwa sai na bar darasin rana na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na ratsa gari, malamin ajinmu har ya fara tambayata ko asibiti nake zuwa.

Amsar da ta fi tsaya mini ita ce ta wani ɗan kwamitinka, Bahaushe ɗan'uwana, da na tare shi bayan sallar Juma'a. Ya riƙe hannuna, ya yi wa mahaifiyata addu'a, sannan ya ce ai mamaci addu'a yake bukata, ba dutse ba, kuma bayan shekara ashirin me ya rage. Maganarsa ta farko gaskiya ce, ba na musu. Amma duwatsun nan ba ado ba ne. Na sama su ne alama, na ƙasa su ne rufi. Leburan da aka ce ya kwaso sassaƙaƙƙen dutse ba zai tsaya a na sama ba, don masu faɗin da suka fi kyau suna ƙasa. Idan ya ɗaga su, ya buɗe kabarinta ke nan. Na tambayi ɗan kwamitin nan ko ya je wurin, ya ce ya je tare da kai, kun yi kamar sa'a biyu, kun ɗauki hoto a baranda. Ban ce kun ƙi gani ba. Wanda ya yi hajjinsa duka ta sama, ya saba da kabarin ƙasa mai tudu irin na gida, zai wuce tulin dutse bai yi sallama ba. Amma Bature ya yi kuskure don ba mu rubuta ba, ku kuwa kun san ba ma rubutawa, kuma don waɗannan mutanen kuka ce kuna aikin.

Na huɗu, gyaran ba zai tsaya don wannan ba. Wurin da aka fasa duwatsun tun farko yana nan, idan ka bi layin dogo ta yamma, a lanƙwasa ta biyu, tafiyar rabin sa'a a ƙafa. Na san shi don can muka je neman inda ƙasa ta fi taushi ba mu samu ba. Dutse ɗaya ne, launi ɗaya. Sai dai a nemi masassaƙa, aiki ya ƙara wata biyu ko uku. Kwamitin da zai ɗauko farin dutse daga Turai don rubuta sunaye ba zai gaza da wannan ba. Motoci kuwa ga fili nan a kudu da tashar, babu kowa a cikinsa.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka buga waya wurin aikin kafin Sallah, a ce kada a taɓa dutse ko ɗaya a bayan tanki. Ka tura wanda ka yarda da shi, ba sai ya yarda da maganata ba. Ya tsaya a filin ya duba ina alƙibla take, ya duba yadda tulin suka kwanta, sannan ya tambayi makiyayan wurin dalilin da ya sa suke kewayawa da raƙumansu ba sa ratsawa. Idan ya tabbatar, a yi wa wurin ɗan shinge, ko na ƙaya ne, a kuma sa shi a taswira don mai zane na gaba. Taswirar ni zan zana, ba na son ko kwabo. Ba na neman a rubuta sunanta, ba ta taɓa son a kira ta a bainar jama'a ba tana raye. Duk kuma wanda ya karanta wannan takarda, ya san ya bar wani nasa a Tashar Sanyi, ya rubuta wa kwamiti, don kada a ɗauka hayaniyar mutum ɗaya ce.

Allah ya karɓi niyyarka, ya sa wannan aiki ya zama sadaka mai gudana gare ka da iyayenka. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka a tafiye-tafiyenka. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a kan hanya ba su isa ba, ya rubuta musu ladan hajjinsu cikakke.

Saura abu ɗaya. Sakatarenka ya ce mini wani lokaci 'yan kwangila sukan riga ranar da aka sa musu, kuma tun wancan mako an ga motocinsu a wurin. Idan har an riga an kwashe, ba zan kai ƙara ko'ina ba, ban ma san inda ake kai irin wannan ƙara ba. Sai dai ka taimaka ka sa a rubuto mini, a wane ɓangare na bangon aka sa su. Kwas ɗina zai ƙare da bazara, ta can zan bi in koma gida, kuma ina so in san inda zan tsaya in yi mata sallama.

Wassalam.

Naka, Garba, ma'aikacin safiyo, Whitechapel, Landan.