Kejin Ya Riƙe, Mamman

Zuwa ga Mamman Bagobiri, bawana kuma abokin aikina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da ƙyar za ka iya, tunda kai ne mai cewa ajamina kamar kaza ce ta taka tawada. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane in ba kai ba, don haka ka yi haƙuri ka saurari ubangidanka Bakatsine.

Shekara shida ke nan tun ruwan nan da ya cika ƙarƙashin gadojin Riyad, motoci suna iyo kamar ƙorai, ƙanƙara tana farfasa gilasai. Mako uku bayan ruwan muka kai ka makwanci. Har yau da wannan ruwa nake ƙirga komai.

Ga labarin gida a taƙaice. Matarka Hajara ta koma Sabon Birni wajen 'yan'uwanta, lafiyarta ƙalau sai ciwon ƙafa. 'Yarka Rabi ta haifi namiji, an mayar maka da suna, an ce har dogon wuyan naka ya ɗauko, Allah Ya kyauta. Ni ina nan a ɗakinmu na unguwar Malaz. Garin duk an haƙe shi, wai jirgin ƙasa za a sa a ƙarƙashi, in ka dawo yau ba za ka gane hanyar warsha, garejin namu, ba. Bencinka wani Babangali ne a kai. Yana da hannu, amma ba ya jin wasa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sai dai kafin in kai ga mai daɗin, akwai mai ɗaci da na daɗe ina haɗiyewa.

Ka tuna a-kori-kurar nan fara da Fahad, ɗan Abu Fahad kafilinmu da ke riƙe da takardunmu, ya kawo mu shirya masa don tseren samari a bayan gari? Ba abin da yake so sai ta yi sauƙi. Muka cire ƙarfe biyu daga cikin waɗanda suka gitta shasi, muka huda gefensa kamar rariya. Shasi kuwa kai ka koya mini cewa shi ne ƙashin bayan mota. Da aka zo kejin da zai kare direba in ta kife, Fahad ya ce bututun kirki ya yi nauyi, a sa na salansa a shafa masa baƙin fenti. Ni na yi waldar, Mamman. Da na gama na ƙwanƙwasa shi da sifana, na ji yana amsawa kamar gwangwanin madara. Na ji, wallahi na ji. Ka zo za ka fita gwaji bayan la'asar, ka dube ni ka ɗaga gira, ni kuma na gyaɗa maka kai. Tsoron kafili ne ya rufe mini baki. Da ka taka totur shasin ya murɗe, motar ta yi gefe ta wuntsila, kejin nan ya naɗe a kanka. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma wa ya gyaɗa kan? Ban taɓa faɗa wa Hajara ba. Ka yafe mini.

Tun ranar ban sake sa wuta a kan siririn bututu ba. Ko wa ya kawo, sai in ƙwanƙwasa, in bai yi mini amo mai kauri ba in jefar da shi waje. Aka sa mini suna Shayib Hadid, wai tsohon ƙarfe. 'Yan Sana'iyya, unguwar makanikai, suna cewa motar da ta fito daga hannuna ta fi dacewa da ɗaukar kankana a kasuwar Aziziyya. Na bar su da bakinsu.

To, bana Fahad ya girma, ya yi gemu, ya ce zai shiga tseren a-kori-kura na gaske, a filin da aka gina kudu da gari. Motoci biyu ne suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta yi kore, su miƙe ɗoɗar, wanda ya riga taka layi shi ya ci. Ya ɗauko wani muhandis, wato injiniya, mai kwamfuta a hammata. Mutumin ya zagaya motar ya ce a huda shasi, a rage kaurin keji. Na ce ba da hannuna ba. Ya tambaye ni makarantar da na yi. Na ce ban shiga aji ba ko na kwana ɗaya, amma na wanke gawar wanda siririn bututu ya kashe, shi fa? Magana ta kai ga Abu Fahad. Ya kira ni ofis, bai ba ni kujera ba. Ya ce in yi yadda nake so, amma in motar ta ba ɗansa kunya a gaban mutane, ba zai sabunta mini iƙama, takardar zamana, ba, huruj zai buga mini in koma gida ba dawowa. Saura wata ɗaya iƙamar ta mutu. Shekara talatin da ɗaya a ƙasar nan, ina zan dosa a Funtuwa, wa ma ya san ni?

Na ce na yarda.

Da ma kana nan ka ga aikin. Bututu mai kauri na sa, marar ɗinki. Shasin na toshe cikinsa da farantin ƙarfe, ban cire masa komai ba, na kafa ƙafafun kejin a kansa, ba a kan falankin jiki ba yadda ragwaye ke yi. Na yi wa furofela, sandar da ke juya tayoyin baya, zobe don in ta tsinke kada ta huda ƙasan direba. Nauyin kuma na rage shi inda ba ya kisa: kujeru, na'urar sanyi, marfin baya, har rediyo. Muhandis yana kallo yana girgiza kai, wai tankar yaƙi nake haɗawa.

Ranar fahas, wato duba motoci kafin tsere, muka tarar ashe duniya ta canza. Yanzu akwai doka, Mamman! Akwai mai dubawa da wata 'yar na'ura da yake ɗorawa a jikin bututu ta faɗa masa kaurinsa. Akwai sikeli a ƙasa da mota za ta hau da direbanta a ciki, kuma akwai nauyin da in ba ta kai shi ba, ba za ta yi tsere ba. Ka ji? Sauƙin nan da muka yi ta bi har ya ci ranka, yau laifi ne.

Muna cikin layi na ciro sifanata, na bi motocin gabanmu ina ƙwanƙwasawa. Masu su suna dariya, wai Shayib yana kiɗan biki. Na nuna guda huɗu na ce waɗannan ba za su wuce ba. Na'ura ta zo ta faɗi huɗun nan, ba ƙari ba ragi. Mai dubawar ya dube ni, ya dubi na'urarsa, ya ce in ara masa kunnena.

A sikeli kuwa an sha kallo. Waɗanda suka yi wata uku suna huda mota sai ga su suna neman abin da za su ƙara mata. Wasu suka cika buhuna da yashi, wasu suka jera jarkokin ruwa a baya. Aka ce mamnu'u, an hana, duk abin da ba ƙarfe ne da aka ɗaure da noti a jikin shasi ba, in aka yi karo harsashi zai zama. Wani direba har sifanoni ya cusa a aljihu, yana tafiya yana kacau-kacau kamar doki, aka kama shi. Tamu ta hau, ta wuce nauyin da aka ƙayyade da kilo tara. Aka manna mata takardar shaida a jikin kejin, daidai kan waldata. Muhandis ya shiga duba wayarsa.

Sau uku Fahad ya tsaya a layi ranar. In motar ta tashi ba ta murɗewa, ba ta lilo, ƙarfin injin duk ƙasa yake sauka. Ya ci na farko, ya ci na biyu, na ukun da tsawon bamba kawai ya riga abokin karawarsa. Ina cikin ihu, bayan ya wuce layi, tayar gaba ta fashe. Motar ta daki katanga ta wuntsila sau biyu, ta tsaya a kan rufinta.

Wayyo, Mamman. Ƙurar nan irin taka ce sak. Na tsaya ina salati, ina ganin masu kashe gobara suna gudu. Sai ga hannu ya fito ta taga. Sai ga hular kwano. Fahad ya rarrafo ya miƙe da ƙafafunsa, yana kakkaɓe riga, ko targaɗe babu. Kejin ya riƙe. Ya riƙe, Bagobiri!

Abu Fahad ya rungume ɗansa, sannan ya ratso mutane ya zo inda nake, ya kama kaina da hannu biyu ya sumbace ni a goshi, a gaban 'yan Sana'iyya duka. Tsohon nan kuka yake yi. Ya ambaci sunanka, ya ce Allah Ya jiƙan Muhammad. Ashe bai manta ba. Shekaranjiya aka kawo mini iƙamata sabuwa, kuma motoci uku daga cikin waɗanda aka kora suna fake a ƙofar warsha, masu su suna kirana Ammi, wai baffansu. Ina masu kankana?

Ba na cewa wannan ya biya. Hajara ba ta da miji har yanzu. Amma wani uba ya koma gida da ɗansa, kuma da hannun nan ne.

Kada ka ɗauka rigima ta ƙare. Yau Fahad ya zo yana shafa kejin, wai shi ne mai sa'a, a ɗan miƙar da inda ya lotsa a mayar da shi sabuwar mota. Na ce ƙarfen da ya sha duka sau ɗaya ya gama aikinsa. Ya yi dariya ya ce za mu yi magana gobe. To, gobe in Allah Ya kai mu, ina idar da asuba zan buɗe warsha in kunna wuta, in yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya tashi daga barci. In ya so ya kai ƙarata wajen ubansa.

Ka huta lafiya, mutumina. Allah Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ni ne ubangidanka,
Ilu Mai Walda, mutumin Funtuwa, daga Malaz.