Hoton da ya kori shanun Buba daga gonata

Zuru, watan Disamba, bayan girbin dawa

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin jin ra'ayin jama'a kan dokar hana kalaman ƙiyayya a kafofin sada zumunta.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya na koma noma a Manga. Na ji a rediyo kuna neman ra'ayi. Nawa ya daɗe yana cina a rai, sai dai ba wanda ya taɓa tambaya.

Na ɗaya, abin da ya faru. A wajenmu, idan an gama girbi, manomi yakan bar makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara, su bar taki. Tun ina saurayi wani Bafulatani mai suna Buba yake sauka a tawa. Ni Kirista ne, shi Musulmi, wannan bai taɓa hana matarsa kawo mana nono ba. Kafin shanu su shiga, al'ada ce mai gona ya zagaya da makiyayi ya nuna masa iyaka: ga gonar da ba a rori wake ba, ga wadda rogo ke ciki, kada dabba ta taɓa. Abin da nake yi ke nan bara, na miƙa hannu ina nuni, wani mai shafi a intanet ya ɗauke mu hoto daga kan babur. Ya rubuta wai ga tsohon da ke nuna wa ɓarayin daji hanyar shiga gari. Ya ƙara da cewa duk mai sanda da saniya maƙiyi ne, duk mai ba shi masauki kuma maci amana.

Ban raina tsoron mutane ba. Mun binne 'yan uwa, mun san abin da ya sami na wajen Sakaba da Kanya. Shi ya sa maganar ta kama kamar wutar daji. Waɗanda na koya wa riƙe fensir su suka riƙa yaɗa ta. A coci, bencin da nake zama ya zama nawa ni kaɗai. Aka je aka tsaya wa Buba a ruga da sanduna.

Na biyu, inda na kai kuka. Na je ofishin da ya kamata, da hoton a hannu. Aka ce in yi haƙuri, surutun yara ne. Amma a idona, wani yaro ya zagi wani babba a irin wannan shafi, kafin a ce me an zo an tafi da shi. Ashe doka tana da ƙafa, sai dai ta san gidan da take zuwa. Na shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai kowa daidai yake a gabanta. Yanzu kunyar wannan darasi nake ji.

Na uku, roƙona. Idan dokarku za ta zama garkuwar masu mulki ce kawai, ku bar ta, muna da irinta. Idan ta talaka ce, to a rubuta ƙarara cewa wanda ya yi wa ƙabila ko addini kuɗin goro, ko ya liƙa wa mutum laifin da zai iya jawo masa kisa, zai amsa a gaban alƙali. A tilasta masa ya ƙaryata kansa a shafin da ya yi ƙaryar. A kuma sa inda manomi zai kai ƙara ba sai ya san wani ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga ƙazafi, don na ɗanɗana, ba na yi wa kowa fatansa.

Mai shafin yana nan, mabiyansa sun ƙaru. Buba kuwa ya tashi da iyalinsa bai ko yi mini sallama ba, kuma ban san inda ya nufa ba. Bana ma karan dawata yana tsaye a gona, ba saniyar da ta shiga.

Wassalam.

Naka, tsohon malami daga Manga