Ta Shekara Uku a Aji, Ba Ta Gane Sunanta a Rubuce

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin a shiga sabon zango, kaina ya ƙulle.

Ni tela ne. 'Yata ta fari shekararta tara, ba ta ji sai kaɗan tun wani zazzaɓi da ta yi tana goye. Bakin mutum take kallo ta tsinci magana. Shekara uku ke nan tana wata makarantar kuɗi da nake ɗinka wa yunifom. Ran da muka kai ta, mai makarantar har da dafa kanta, wai ta zama 'yarta. Kowane zango sakamako ya zo da yabo, ni kuma in sa hannu, baki har kunne.

Makon jiya ina kan keke, na miƙa mata littafin awo ta karanta mini sunan mai riga. Anti, yarinyar nan ta riƙe littafin tana kallon bakina, tana jira in faɗa ta maimaita. Na ɗauki allin yanka na rubuta sunanta a kan tebur. Shi ma ba ta gane shi ba. Washegari na je makarantar ba sanarwa, na leƙa ta taga. Tana bencin ƙarshe kusa da kwandon shara, malama ta juya wa aji baya tana magana da allo. Ashe rubutun da nake alfahari da shi kwaikwayon zane kawai take yi. Da na yi ƙorafi, mai makarantar ta ce alfarma suka yi mini, wasu ba sa karɓar irinta. Irinta fa. Sannan ta tuna mini wa ke ba ni ɗinki.

Akwai makarantar gwamnati mai aji na musamman, da malamin da ke koyar da maganar hannu. Amma mota biyu ake hawa, banɗakin ba ya shiguwa, malamin kuma shi kaɗai ne, ran da bai zo ba sai zaman banza. Uwarta ta ce sai dai bayan ranta, wai in aka kai ta ajin kurame an buga mata tambari, har ƙannenta za a riƙa nunawa. Kwana biyar ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. In na cire ta, na rasa ɗinkin da zaman lafiyar gidana. In na bar ta, za ta girma da riga mai guga da kai fanko. Wallahi haushin kowa nake ji.

Tela mai ɗacin rai

Malam Tela,

Haushinka yana kan hanya, an cuce ku. Amma ka tuna sau tara ka sa hannu a sakamako ba ka taɓa cewa ta karanta maka layi ɗaya ba. Na faɗa ne don kada ka tunkari uwarta kamar kai kaɗai ne mai gaskiya. Tsoronta ba shirme ba ne, bakin mutane yana ciwo. Ka bar gardama. Ka rubuta wa yarinyar sunanta a gaban uwar, ta ga abin da ka gani.

Kada kuma ka yi wa makarantu kuɗin goro. Akwai ta kuɗi mai amana, akwai ajin gwamnati da suna kawai ya tara. Ku je ku uku, ku wuni a ajin na musamman ɗin nan. Ku duba ko malamin yana fuskantar yara, ku roƙi yaron da ya shekara biyu a wurin ya yi muku karatu, ku tambayi wa ke riƙe su in ba ya nan. In kun sami wata ta kuɗi, ku auna ta da wannan ma'aunin. A sake duba kunnenta a asibiti, ko na'urar ji za ta taimaka. Ku ma ku koyi maganar hannu, don kada ta zama baƙuwa a gidan ubanta.

Inda take yanzu dai, ban ga dalilin komawarta ba. Ɗinki in ya tafi wani zai zo, shekarunta kuwa ba sa dawowa. Kai ka fi ni sani, riga ake gyara wa mutum, ba a rage mutum don ya shiga riga.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ya raya ta. In za ka sake rubuto mini, ka bar mata wuri a ƙasa ta sa sunanta da hannunta.