Yaron da Ba Shi da Aji a Sansanin Ambaliya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya kai haske kabarinki. Shekara shida ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya tsaya mini a rai, ke nake fara nema.

Kogi ya sake yin ambaliya bana. Ya cinye shinkafar fadama, ya rushe gidaje tun daga gefen Haɗejia har ƙauyukan Kirikasamma. Firamaren da nake koyarwa ta zama sansani, aka ɗora mini rabon ajujuwa: maza a gabas, mata da ƙananan yara a yamma. Na ɗauka aiki ne mai sauƙi.

A rana ta uku na tarar da wani yaro a baranda, tabarmarsa a naɗe bisa cinya, leɓensa a fashe. Sunansa Iliya, shekararsa sha shida. Maganarsa da tafiyarsa, har yadda yake rufe baki in zai yi dariya, duk irin na mata ne. Samarin ajin maza sun yi ta kiransa ɗan daudu, suka doke shi, suka wurgo masa tabarmar waje. Ya nufi ajin mata, wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, ba ƙinka muke ba, amma nan akwai matan aure." Ita ma ba ta yi ƙarya ba.

Na shiga neman wanda aikinsa ne ya kula da irinsa. Masu rabon agaji suka ce, "Malama, mu gidan sauro da shinkafa aka ba mu." Ma'aikaciyar lafiya ta wanke masa leɓe, sannan ta rage murya ta ce ta ji a manyan birane akwai masu sauraron irin waɗannan yara, su ba su shawara da wurin fakewa, amma ba ta san ko mutum ɗaya ba. Wani dattijo ya ce a yi masa addu'a. Na ce amin, Baba, amma yau ina zai shimfiɗa tabarma?

Kin san wanda na tuna. Yaya Garba, wanda ya fi mu duka iya miyar kifi, wanda ya fi son zaman madafa tare da ke a kan bin Baba gona. Na tuna ranar da Baba ya kore shi saboda surutun unguwa. Kin bi shi har zaure da ƙullin tuwo kina cewa, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ba wanda ya saurare ki. Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne, ni ma ina cikin masu kwaikwayon tafiyarsa don ƙawayena su yi dariya. Ya tafi Kano, daga nan labarinsa ya yanke. Har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

Ni ba malamar addini ba ce, kuma ban iya warware yadda Allah Ya yi bayinsa ba. Na dai tambayi Iliya abin da yake so. Ya ce, "Malama, tun ina ƙarami haka nake. Wallahi na yi ƙoƙari. Ni dai a bar ni in gama makaranta."

Na buɗe masa ɗakin ajiyar littattafai, na ba shi makullin. Amma ruwa ya ja, za a rufe sansani ranar Asabar. Yaron maraya ne, kuma kawun da ke riƙonsa ya aiko cewa kada ya kuskura ya koma musu a haka.

Jiya na yi wa maigidana maganar kawo shi gidanmu. Ya ce, "Hadiza, mutane za su yi magana." Na ce za su yi. Sun yi a kan Garba, muka bi tasu, shekara ashirin ba mu san ko yana raye ba. Da safe kuwa da kansa ya kwashe buhunan gero daga ɗakin da kika zauna a gidanmu kafin rasuwarki.

Na share ɗakin, Inna. Ina jin tsoron unguwa, ba zan ɓoye miki ba. Ranar Asabar zan taho da shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe mini dariyar da na yi. In Yaya Garba yana raye, Allah Ya sa akwai wadda ta buɗe masa ƙofa.

Taki har kullum,
Hadiza